Gargaɗi ga jama'ar Maradi kan “man ja'ada” da ake talla

'Yan'uwa mazauna Maradi, musamman iyayenmu masu fama da ciwon sukari da mata masu neman rage ƙiba, ina jan hankalinku kan wasu ƙananan kwalabe da ake yawo da su a bakin kasuwa da tashoshin mota, ana kuma tallarsu ta WhatsApp, da sunan tataccen man ja'ada daga Aljeriya. Masu sayarwar suna cewa ɗigo kaɗan a shayi yana sauke sukari, ya narkar da teɓa, kuma idan mutum ya nuna shakka sai su zaro wata takarda da Faransanci mai jerin sunayen sinadarai da alkaluma, su ce shaidar ɗakin gwaji ce.

Ita ja'ada tsiro ce ta gaske, dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya, wadda masana ke kira Teucrium polium, tana kuma fitowa a duwatsun Arewacin Afirka da ƙasashen Bahar Rum har zuwa Iran. Sunayen da ke takardar ma ba ƙirƙira ba ne, domin an sha samun alpha-pinene da beta-pinene da limonene da germacrene D da caryophyllene a man wannan tsiro. Sai dai yawan kowanne yana canzawa gwargwadon ƙasar da tsiron ya fito da lokacin da aka tsinke shi, ta yadda man wani yanki kan sha bamban da na maƙwabcinsa. Saboda haka takarda guda da aka yi ta kwafa, babu kwanan wata, babu lambar da ta dace da ta jikin kwalba, ba ta shaidar abin da ke hannunka. Waɗannan sinadarai kuma na ƙamshi ne, ana samun pinene a itacen fir, limonene a ɓawon lemo, kuma jera sunayensu ba ya mayar da abu maganin sukari.

Man gaske da ake tatsa ta hanyar tururi kaɗan yake fita, galibi bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin busasshen ganye ba, don haka ba zai cika kwalba a farashi mai araha ba. A ɗiga shi a farar takarda a jira. Man tururi yakan bi iska ya bar takarda kusan yadda take, na waɗannan kwalabe kuwa yana barin tabon maiƙo irin na takardar ƙosai, alamar man girki ne aka jiƙa ganye a ciki ko aka zuba wa turare.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hanta. Tsirran wannan dangi suna ɗauke da wasu sinadarai masu nauyi waɗanda ba sa bin tururi amma suna fita idan an jiƙa ko an dafa ganyen, kuma wanda aka fi sani a cikinsu shi ne teucrin A, da hanta ke juyawa ya zama guba gare ta. A 1992 Faransa ta hana sayar da magungunan rage ƙiba da aka yi da 'yar'uwar ja'ada, Teucrium chamaedrys, bayan mutane fiye da 20 sun kamu da kumburin hanta, yawanci bayan kimanin wata biyu da fara sha. An kuma samu irin wannan illa ga masu shan ja'adar kanta.

Duk wanda ya sha, ya daina, kada kuma ya ajiye maganin sukarin da likita ya rubuta masa. Idan ido ya yi rawaya kamar na mai shawara, ko fitsari ya yi duhu, ko aka ji kasala da tashin zuciya, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu, a nemi gwajin hanta. Masu sauran kwalabe su miƙa su ga ma'aikatan lafiya, domin a Yamai akwai ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, da ke binciken ingancin magunguna.