Mako takwas ina ƙirga ƙafafun waƙa: ra'ayina kan wani darasi ta intanet

Na yi rajistar wani darasi ne na karin waƙoƙin Turawa saboda wani abu da ya daɗe yana damuna. Ina karanta waƙoƙin Ingilishi, ina fahimtar ma'ana, amma kunnena ba ya kama karinsu. Darasin na mako takwas ne, bidiyo biyu kowane mako, sai zama ɗaya kai tsaye da malamar.

Makonni ukun farko, na Girkanci da Latin, su ne suka biya ni wahalata. Malamar ta ɗaga yatsanta manuniya gaban kyamara ta ce mu duba namu: gaɓa ɗaya doguwa, biyu gajeru. Wannan ita ce ƙafar daktil, wato rukunin gaɓoɓin kalma da ake auna ɗango da shi, kuma sunan ma daga kalmar yatsa yake a Girkanci. Da irin wannan ƙafa shida a ɗango Homa, mawaƙin Girka, ya gina waƙoƙinsa, Bajil, mawaƙin Rum, ya bi sawunsa. Ta nuna yadda ake musanya gajeru biyu da doguwa ɗaya a ƙafafu huɗun farko, amma ta biyar kusan kullum daktil take zama. Ina zaune ina kallon yatsana, sai na ga ai na san gidan nan. Girkawa da Rumawa ma tsawon gaɓa suke aunawa, kamar yadda muke yi a Hausa, kamar yadda Halilu ɗan Ahmad ya tsara aruli a Basra. Nan take na ɗauko takarda na jera kalmomina. Gida, gajeriya da doguwa, iyam ke nan. Gobe, doguwa da gajeriya, turoki. Tafiya, gajeru biyu da doguwa, anafes. Rana kuwa dogaye biyu, sifondi. Abin da wasu ɗalibai suka kwana biyu suna fama da shi, ni cikin rabin sa'a ya zauna mini, kuma na ji daɗin haka har cikin raina.

Da muka shiga Ingilishi sai labari ya sha bamban, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Turawan Ingila sun ari sunayen ƙafafun, amma abin da suke aunawa daban ne: gaɓar da aka danna da ƙarfi da wadda aka sassauta. Wannan babban bambanci malamar ta wuce shi cikin minti biyar, domin ta ɗauka duk mai saurarenta da Ingilishi ya buɗe baki. Ni kuwa kunnena da hawa da saukar murya ya saba, da tsawon wasali. Na yi mako guda ina sa alama a inda bai dace ba. Sai da na tambaya a zaman kai tsaye ta kawo kalmar record, ta furta ta sau biyu, dannawa a farko suna, dannawa a ƙarshe aikatau, tana buga tebur da tafin hannu. Da da wannan ta fara, da ta hutar da ni.

Daga nan hanya ta miƙe. Sashen ɗango mai iyam biyar, gaɓa goma, ya yi kyau ƙwarai: daga mawaƙi Cosa, wanda ya rasu a 1400, zuwa gajerun waƙoƙin Shekisfiya 154 masu ɗango 14 da aka buga a 1609, zuwa doguwar waƙar Milton ta 1667 marar amsa-amo. Abin da na fi so shi ne yadda ta nuna cewa juya ƙafar farko ta koma turoki gwaninta ce, mawaƙin da gangan yake yi don ya farkar da kunne.

Manhajar yanka ɗango da suka haɗa mu da ita ba ta san da wannan ba. Duk inda mawaƙi ya kauce, ja take sa masa kamar ya yi kuskure. Na daina buɗe ta a mako na biyar, na koma karantawa da babbar murya ina buga gwiwa.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin aruli zai ci moriyar darasin nan sosai. Sai dai kafin mako na huɗu, ya nemi sautin waƙoƙin Ingilishi da masu harshen suka karanta, ya yi ta saurare har dannawar ta fara fito masa.