5D Chess With Multiverse Time Travel: wasan ces da ake komawa baya

Tsohuwar tambaya ce: in mutum ya koma baya ya kashe kakansa tun kafin a haifi mahaifinsa, wa ya yi tafiyar? Wannan wasan kwamfuta, da kamfanin Thunkspace ya fitar a Steam, shagon wasanni na intanet, a 2020, a kan wannan sarƙaƙiya aka gina shi. Amsar da ya zaɓa ita ce abin da ya wuce ba ya goguwa.

Allon farko irin na ces ne da aka sani, gidaje 64. Amma duk motsin da aka yi, tsohon allon yana nan ajiye a hagu, sabo ya fito a dama. In ka tura sarauniyarka zuwa wani tsohon allo, wancan tarihin ba ya canzawa. Sabon reshe ne zai tsiro daga nan, da sarauniya biyu a cikinsa in ta da tana nan, allon da ta baro kuma ya zauna babu ita. Kakan da aka kashe na wani reshe ne, naka yana nan garau. Wannan ya fi kusa da ra'ayin duniyoyi masu rassa na masanin kimiyya Hugh Everett na 1957 fiye da na takwaransa Igor Novikov, wanda ya ce duk abin da matafiyi zai yi a baya dama shi ne ya faru. A ganinmu wasan kauce wa matsalar ya yi, bai warware ta ba, amma kaucewar tana da tsari.

5D ɗin da ke sunan ya ce biyar, amma hanyoyin motsi huɗu ne: biyu na kan allo, sai lokaci, sai tsallakawa tsakanin rassa. Doki yana iya yin taku biyu baya a lokaci, ɗaya a kan allo. Hasumiya kuwa in za ta koma baya, dole gidan da take a kai ya zama babu kowa a duk allunan da za ta ratsa.

Inda sabon shiga ke shan kashi shi ne sarkin da ke tsohon allo. Ba ya motsi, ba a sa masa kariya. Abokin karawa sai ya jefa sarauniya ta ci sojan da ke gidan f7, dab da inda sarki ke farawa, kana kallon sarkinka na yanzu lafiya lau, ashe wanda ka bari a baya take hari. Mafita: ka cinye ta nan take, ko ka buɗe reshe da zai ja layin "yanzu", wato layin da ke nuna allunan da dole a yi motsi a kansu, baya. Shi ma da iyaka, don in rassanka suka fi nasa da sama da ɗaya, rarar ba ta jan layin.

Aibinsa: da rassa sun kai biyar ko shida, allunan kan ƙanƙance har ido ya gaji, musamman a ƙaramar laftof. Farashin kuma da dala yake. Ga ɗaliban Samaru da Kongo a Zariya masu buga ces, ku fara da darussan warware matsala na ciki da ƙananan alluna kafin ku taɓa babban. Mutum biyu suna iya bugawa a kwamfuta ɗaya, sai dai a cika caji, don wasa ɗaya kan ja lokaci fiye da yadda wuta ke zama.