Na biya kuɗin shekara, amma wasan da ake bugawa a bayan gidana aka hana ni gani

Wannan sharhi a kan manhajar kallon wasannin babbar gasar ƙwallon besbol ta Amurka ne, waccan dai da ake ta tallarta da zarar watan Maris ya kama. Kuɗinta kun san shi, ba sai na faɗa ba. Na shekara na biya gaba ɗaya, a lokacin da nake wannan rubutu kuma kakar 2025 ta haura wata guda, don haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, musamman saboda 'yan uwanmu mazauna New York da 'ya'yansu suka kamu da son wannan wasa.

Ni da ƙwallon ƙafa na taso. Ɗana ne ya ja ni cikin besbol. A Bronx muke zaune, 'yar tafiya ce a ƙafa zuwa filin ƙungiyar Yankees da ke titi na 161, kuma tun yaron yana ƙarami yake bugawa da abokansa a filin unguwa da aka yi a gurbin tsohon filin da aka rushe. Bara da Dodgers suka doke Yankees da wasa 4 da 1 a karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi, sai da ya yi kwanaki ba ya walwala. A Disamba Juan Soto ya bar Yankees ya koma Mets, ɗaya ƙungiyar ta New York, kan dala miliyan 765 na shekara 15. A Maris kuma aka sanar cewa za a yi wa babban mai jifan Yankees, Gerrit Cole, tiyata a gwiwar hannu, ba zai yi jifa ko ɗaya ba bana. Yaro ya rasa inda zai sa kansa. Sai na yi masa alkawari cewa in ya kai azuminsa, barka da Sallarsa ta bana ita ce wannan manhaja, mu zauna tare mu bi ƙungiyarsa tun daga farkon kaka. Ya kai azumin, ni ma na cika alkawari.

Ranar Asabar 29 ga Maris, jajibirin Sallah, na ajiye mota da wuri na dawo gida. Uwargida na ta fama da cincin a kicin, ƙannensa na gwada kayan Sallah, ni da shi muka zauna gaban talabijin, ya sa rigarsa mai lamba 99, lambar Aaron Judge na Yankees. Yankees ne da Milwaukee Brewers, ƙarfe ɗaya na rana. Na danna wasan. Allo ya yi baƙi, ga rubutu cewa ba a nuna wannan wasa a yankinku. Na fita na sake shiga, na kashe na'urar intanet na kunna, na gwada a waya. Rubutun nan dai shi ne.

Muna cikin haka sai ihu ya taso daga filin. Duk wanda ya zauna a unguwar nan ya san wannan ihu, ba ya kama da na komai. Kafin ya lafa sai ga wani. Kafin mu kalli juna sai ga na uku, wanda ya fi su duka. Yaro ya ruga taga, ya dawo ya ɗauki wayarsa, saƙonnin abokai na ta shigowa. Ya ce, "Baba, uku ke nan a jere! Baba, Judge ne!" Jifa uku na farkon wasan, duka ukun an buga su sun tsallake katanga, bugun da ke ba da maki kai tsaye: Paul Goldschmidt, Cody Bellinger, sai Aaron Judge. Mai jifan kuma Nestor Cortes ne, wanda bara ma a Yankees yake, aka ba da shi a Disamba aka karɓo Devin Williams. Kafin zagayen farko cikin zagaye tara na wasan ya ƙare Austin Wells ya ƙara na huɗu. Duk wannan muna jin sa da kunne ta taga, allon da na biya wa kuɗi yana nan baƙi ƙirin. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Yaron bai yi kuka ba, ya wuce shekarun haka. Zama ya yi a bakin kujera yana kallon waya, ya ce, "Ba komai, Baba." Wannan "ba komai" ɗin ita ta fi yi mini ciwo, don na san saboda ni ya faɗe ta.

Na kira lambar masu kula da abokan hulɗa, ga bakin azumi, ga dogon jira da kiɗa a kunne. Wata baiwar Allah ta ɗauka, kuma gaskiya ba ta yi mini rashin ladabi ba. Ta tambayi lambar unguwarmu, na faɗa, ta ce ai shi ne dalili. Duk ƙungiyar da ake lissafa garinka a cikin yankinta, ba za ka ga wasanta kai tsaye a manhajar ba, saboda tashoshin talabijin na yankin ne suka sayi haƙƙin nunawa su kaɗai. A New York kenan babu Yankees, babu Mets. Na ce mata ina jin ihun filin daga tagata. Ta ce ta fahimta, amma an rubuta a ƙa'idoji, kuma zan iya kallon wasan kamar awa ɗaya da rabi bayan an tashi. An rubuta ɗin, can ƙasa, da haruffan da sai ka sa tabarau. Lambar unguwar da ta tambaye ni kuwa suna da ita tun ranar da na sa katina. Me zai hana tun kafin su ciri kuɗin su fito da gargaɗi ɓaro-ɓaro cewa malam, ƙungiyoyin garinka biyu ba sa cikin abin da kake saye? Kamar ka biya mai ruwa kuɗin shekara ne, ya ce zai kai wa kowane gida a gari ban da naka.

Bayan shan ruwa muka kalli maimaici. Wasa ne da za a daɗe ana tuna shi. Yankees sun ci 20 da 9, da bugun tsallake katanga tara, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi ba a wasa guda, saura ɗaya su kamo goman da Toronto ta yi a 1987. Judge shi kaɗai uku ya buga, ɗaya da mutum a kowace tasha cikin ukun da ake zagayawa kafin a ci maki, wato maki huɗu lokaci guda. Ranar ce kuma aka fara surutun sababbin kulake, waɗanda aka matsar da kaurinsu daga baki zuwa kusa da hannu, daidai inda ɗan wasa ya fi haɗuwa da ƙwallo. Wani masanin kimiyyar fiziks mai suna Aaron Leanhardt ne ya tsara su lokacin yana aiki da Yankees, Anthony Volpe da Jazz Chisholm na cikin masu riƙe su, kuma an tabbatar ba su saɓa doka ba tunda kaurin bai wuce inci 2.61 ba. Judge dai da tsohon kulkinsa ya yi nasa. Wasan bai rasa aibi ba, kuskure biyar Yankees suka tafka wajen tsaro, har mai jifa Max Fried da aka ɗauko kan dala miliyan 218 bai kammala zagaye biyar ba a fitowarsa ta farko. Mun ga duk wannan, hoto tangaram. Amma mun riga mun san komai. Akwai maɓallin ɓoye sakamako a manhajar, sai dai wa zai ɓoye maka sakamako a Bronx, bayan mutane sun fito daga fili suna waƙa a ƙarƙashin gadar jirgi? Washegari ranar Sallah aka sake cin Brewers 12 da 3, muna dawowa daga idi muna ratsa masu tururuwar shiga fili, mun kuma san allon gida ba zai nuna ba.

To a nan zan yi adalci, don bayan fushina ya sauka na tarar da abubuwan da suka burge ni sosai.

Na farko sharhin rediyo. Shi ba a rufe shi, ko na wace ƙungiya ne. Ni da nake yini a bayan sitiyari, wannan ya zame mini abokin hira. Bana Dave Sims ne ya gaji John Sterling a rediyon Yankees, tare da Suzyn Waldman, kuma a bakinsu na koyi wasan fiye da yadda na koya da ido, domin mai rediyo dole ya faɗa maka ina ƙwallo ta bi, wa ke tsaye a wace tasha, me ya sa mai jifa ya ƙi bai wa wane ƙwallo mai kyau. Besbol wasa ne da ya dace da kunne. Tun da aka kawo agogon jifa a 2023, daƙiƙa 15 in babu kowa a tasha, yanzu 18 in akwai, wasa ya daina jan jiki, yawanci awa biyu da rabi da 'yan mintuna an gama. Fasinja ya shigo ya ji muryar Sims sai ya tambayi nawa-nawa, hira ta ɓarke.

Sai kuma sauran ƙungiyoyin. Tunda an hana mu namu, muka koma kallon na mutane, kuma a nan manhajar ba ta da makusa. Daren 2 ga Afrilu ba zan manta da shi ba. Atlanta ta ba Dodgers 5 da nema, suka yi ta ragewa har Max Muncy ya farke a zagaye na takwas, a na tara Shohei Ohtani ya ɗauke jifan farko da aka yi masa ya tsallakar da shi, aka tashi 6 da 5. Dodgers suka zama sun ci wasa takwas a jere tun daga biyun da suka buɗe kaka da su a Tokyo, Atlanta kuma ta sha kashi bakwai ba ta ci ko ɗaya ba. Ɗana ba ya ƙaunar Dodgers ko kaɗan, amma sai da ya miƙe tsaye. Hoton bai yanke ba ko sau ɗaya, kuma kana iya zaɓar masu sharhin ƙungiyar da kake so. Ranar 15 ga Afrilu muka yi ta sauya wasanni muna ganin kowane ɗan wasa da lamba 42 a baya, don tunawa da Jackie Robinson, wanda a rana irin wannan a 1947 ya karya shingen da ya hana baƙar fata buga babbar gasa, da rigar Brooklyn Dodgers. Yaron ne ya zauna yana ba ni tarihin, ni ina saurare. Daren nan na ce a raina kuɗina bai tafi a banza ba. Da a makon na rubuta sharhin nan, tauraro huɗu zan bayar.

Sai ga 29 ga Afrilu. Yankees sun tafi Baltimore. A tunanin kowane mai hankali, in dalilin rufewar shi ne filin yana kusa da kai, to wasan da ake bugawa a wata jiha ya kamata ya buɗe. Ina! Ko a gida suke ko a waje, rufewar na biye da su, kuma haka muka yi ta gani duk tafiyar da suka yi cikin watan. Amma ta wannan dare ce ta tayar mini da tsohon miki, don abin da ya faru jajibirin Sallah shi ya maimaita kansa. Trent Grisham, Judge, Ben Rice, mutum uku na farko duk suka tsallakar da ƙwallo, aka tashi 15 da 3. Babu ƙungiyar da ta taɓa buɗe wasa haka sau biyu a kaka guda. Sau biyun kuma ba mu gani kai tsaye ba. Judge ya ƙare Afrilu yana samun bugu fiye da huɗu a kowane goma, irin abin da mutum zai so ya ce da idona na gani, mu kuwa sai dai maimaici bayan labari ya gama gari.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai, wani abokina da ke Columbus a jihar Ohio, kuɗi ɗaya muka biya, shi yana kallon Yankees kusan kullum, yana turo mini saƙo ana cikin wasa. Shi kuma Cleveland da Cincinnati aka rufe masa. Mutanen jihar Iowa ma sun fi mu shan wahala, ba su da ƙungiya ko ɗaya a jiharsu amma shida aka rufe musu: Cubs, White Sox, Brewers, Twins, Cardinals da Royals. Kaka wasa 162 ce ga kowace ƙungiya, kusan kullum ana bugawa, kuma daɗin makonnin farko shi ne ka bi taka ƙungiyar rana bayan rana, ka ga wa ya tashi da zafi, wa ya kasa, wane yaro ne sabo. Wannan shi ne ainihin abin da na je saye, shi ne kuma aka cire. In ina son sa sai na sake biyan wani kuɗin daban a wani wuri, a kan wanda na riga na biya.

Don haka tauraro biyu na ba ta, su ma albarkacin rediyo da daren Ohtani. In ƙungiyar da kake so tana nesa da garin da kake zaune, saya ba fargaba, za ka more. In kuwa ɗanka na son ƙungiyar garinku ne kamar nawa, kada ka sa katinka sai ka nemi shafin da ake shigar da lambar unguwa ka ga waɗanda aka rufe maka. Ka kuma duba maganar sabuntawa, don da kanta take sake cirar kuɗi in shekara ta zagayo. Tawa na riga na kashe ta. Kuɗin baɗi tikiti zan saya da shi, kujerun can sama masu araha, mu taka da ƙafa mu shiga fili.