Kwana uku a wani kilinik mai zaman kansa a Maradi

A tsakiyar damina, lokacin da masassarar cizon sauro ke cika gadajen likita a Maradi, na kwantar da ɗiyata mai shekara huɗu a wani kilinik mai zaman kansa wanda ba zan ambaci sunansa ba. Na san tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yaran da ba su kai shekara 5 ba kuɗin magani a asibitocinta, amma wanda ya taɓa bin layi a watan Agusta ya san abin da ke sa uba ya gwammace ya biya.

Tarbar farko ba ta da abin zargi. Ɗakin yara a share yake, kowane gado da gidan sauronsa. Majon da ke aikin rana, wato shugabar ma'aikatan jinya, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ɗebi jini a yatsar yarinyar, ta ɗora ta a sikeli kafin ta lissafa yawan allurar artesunate, maganin masassarar cizon sauro mai tsanani, sannan ta yi mini bayani cewa ta farko yanzu za a yi, ta biyu bayan awa 12, ta uku idan awa 24 ta cika. Ba ta bar maganar a baki ba, sai da ta rubuta lokutan a kan filasta ta liƙa a jikin ledar ƙarin ruwa, ta ce, "Malam, ka sa ido a nan, ko da mun manta ka tuna mana."

Da dare ne na gane dalilin wannan gargaɗi. Ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, lokacin allura ta biyu, babu wanda ya leƙo. Na tarar da ma'aikaciyar jinyar da ke gadin dare a ɗakinsu tana sauraren saƙonnin murya a WhatsApp, ta ce tana zuwa ba tare da ta ɗago kai ba, kuma ba ta zo ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Kafin nan ruwan ya ƙare, jini ya fara hawowa cikin siririn tiyon. Mahaifiyata, wadda ta kwana a tabarma gefen gadon, ta ce mata cikin lallami, "Ɗiyata, ki duba hannun nan don Allah," sai ta amsa da cewa, "Hajiya, ku kuka yi karatun ko ni?" Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda ta zaro wani magani daga aljihun farar rigarta ta ce in biya ta a hannu, babu odanas, babu rasit.

Gaskiya ita kaɗai aka bar wa ɗakin yara da na mata duk daren, kuma wannan laifin mai kilinik ne. Amma gajiya ba ta sa a sayar da magani daga aljihu. Da safe, a gindin dogon yaro inda masu jinya ke dama koko, labarin ya riga ya zagaya, kowace na cewa ai duk haka malaman asibiti suke, har da masu cewa ba za su bar ɗiyarsu ta shiga makarantar kiwon lafiya ba. Ina kallo majon ta shigo da sallama, waɗanda jiya suke yi mata godiya suka amsa a daƙile, alhali ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Na kai ƙara wurin mai kilinik, ya ba da haƙuri, ya mayar mini da kuɗin maganin, sai dai da na nemi takardar da ake sa hannu bayan kowace allura, ya kasa nuna mini ita. Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi. Wanda zai je ganin likita ko gwajin jini da rana, ba zan hana shi ba. Wanda za a kwantar wa da yaro kuwa, ya rubuta lokutan allura da hannunsa, ya karɓi lambar majo kafin ta tashi aiki, kuma kada ya biya ko dala ɗaya sai a wurin mai karɓar kuɗi.