Corolla 2006 a hanyar Katsina zuwa Daura

Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan Peugeot 406, irin wadda ake harhaɗawa a Kaduna, kuma ban rabu da ita don ta gaza ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, zuwa Daura duk Juma'a ya koma mini abin lissafi, ga shi Hajiyarmu tana can, ba zuwan da zan iya ragewa ba ne. Na daure iya daurewa, daga baya na sayar da ita, na cika kuɗi na ɗauko Toyota Corolla LE ƙirar 2006, 'yar Kwatano, mai giyar otomatik. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan tana hannuna, na san ta, ta san ni.

Abin da na saye ta dominsa ta yi mini shi. Daga Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne ta Mashi da Shargalle, kuma in na bi ta a hankali, lita 12 ko 13 kan kai ni ta dawo da ni. Tankinta lita 50 yake ci, injin kuwa 1.8 ne. In an kunna esi lokacin bazara allurar mai takan ɗan motsa, amma ba irin motsin da zai sa mutum ya sauke gilas ya haƙura da zafi ba. Esin nan ma ya cancanci yabo, a watan Afrilu da rana tsaka yakan sanyaya har kujerar baya.

Wani abin da ya kwantar mini da hankali shi ne sarƙa ce ke juya taimin ɗin injinta. A 406 bel ne, kuma duk mai Fijo ya san dole ka riƙa ƙidaya tafiyar da bel ɗin ya yi, don in ya tsinke kana gudu, sai an buɗe kan inji. Yanzu babu wannan tunanin. Juye kawai nake yi a kan kari, in duba ruwa, in duba iskar taya. Sau ɗaya na ga baƙin mai yana tsatsafowa ta gefen inji, hankalina ya tashi. Bakanikena ya leƙa ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, 'yar robar abin ɗaure sarƙa ce ta tsufa." Kafin la'asar ya sauya ta. Motar da ta kusa shekara ashirin, ba a ga laifin roba don ta bushe ba.

To, sai maganar da ta sa na zauna rubuta wannan. Hajiya ba ta taɓa barina in baro Daura ba tare da furar da ta dama da hannunta ba, gero mai yaji da citta da kanumfari, da nonon da Fulani ke kawo mata da safe. A kwanon sha take zubawa, ta rufe da faifai, ta ce, "Ka kai wa yara, kada ka tsaya a hanya ta yi tsami." Duk shekarun da na yi da 406, a ƙasan kujerar gaba nake ajiye kwanon nan, in shigo Katsina ko ɗigo bai zuba ba. Ranar farko da na gwada haka a Corolla, kafin Mashi kafet ya sha rabonsa.

Dalilin a ƙafafun baya yake. A 406 kowace taya ta baya cin gashin kanta take yi, in ɗaya ta faɗa rami ɗayar ba ruwanta, shi ya sa take shanye gargada kamar tana tafiya kan katifa. A Corolla kuwa ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin bayan biyu, tsari mai sauƙi, mai ƙarko, wanda ba ya yawan kai mutum gareji, sai dai abin da hanya ta faɗa za ka ji shi a bayanka. Ga ta kuma da rashin nauyi. In tirela ta gifta ka da gudu, ko iskar hunturu ta bugo daga gefe, sai ka ƙara riƙe sitiyari. Fijo kuwa, gudu ma ƙara zaunar da ita yake yi. Ina kewar wannan zaman, ba zan ɓoye ba, kuma duk wanda tuƙi ke yi wa daɗi don kansa zai gane abin da nake nufi.

Giyarta huɗu ce, don haka wajen wuce babbar mota sai ka ba ta fili, ka take, ta yi ƙara, sannan ta ɗauka. Ba motar tsere ba ce, kuma hanyar da ke ratsa garuruwa, ga babura, ga amalanken shanu, ga yara suna tsallakawa, ba ta tsere ba ce ita ma. Birkinta na baya na ganga ne, yana kamawa daidai in ba a cika mata kaya ba. But ɗin ya ɗauki buhun gero da jarkar man gyaɗa, har da sauran wuri.

Da zan tsaya sayen tsire a Mashi, a da nakan bar 406 a kunne saboda sabo. Wannan kashe ta nake yi, in tsaya a barbaɗa mini yaji da ƙuli, a yanka albasa, in ci rabi a tsaye, in dawo in murɗa makulli sau ɗaya ta tashi.

Mai neman motar kai yara makaranta da zirga-zirgar zumunci, ya ɗauke ta, amma ya je da bakanike ya duba shokozoba da man giya kafin ya biya, don nawa a gajiye na same su daga wanda ya riga ni. Na sauya na baya da sababbi, girgizar ta ragu sosai. Furar dai har yanzu a kula mai murfi nake ɗauko ta, Hajiya kuma duk mako sai ta ce fura a roba ba ta kai ta kwano daɗi ba.