Ƙaramin lemun tsami ko babban marar ƙwallo, wanne za ki dasa?

Hajiya, kin tambayi wane lemun tsami za ki dasa a gida don yin kek da abin zaƙi. Tsakanin biyun da kika ambata, wato ƙaramin lemun tsaminmu mai ƙwallaye da babban nan marar ƙwallo da mai dashe ya yi miki talla, ƙaramin za ki dasa. Dukansu na taɓa dasawa a gidana. Ɗaya yana nan har yau, ɗayan na bayar da shi.

Bari ma in rage miki wahalar cigiya. Wannan ki-laim da kike gani a girke-girken Amurkawa, kina zaton sai an yi odarsa daga waje, shi ne lemun tsamin da muke matsawa a kunun gyaɗa. Iri ɗaya ne. Sunan ya fito ne daga wasu ƙananan tsibirai a kudancin jihar Fulorida da ake ce wa Kiz, inda aka yi ta nomansa har guguwar 1926 ta lalata gonakin. Daga baya manoman can suka koma wa babban marar ƙwallo, ƙaramin ya zama abin marmari a wurinsu, yawancinsa ma daga Meziko ake kai musu. Mu kuwa ga shi nan yara na yawo da shi a faranti a bakin Kasuwar Bacci a nan Kaduna.

Nawa itacen daga ƙwallo ya tsiro. Surukata, Allah ya jiƙanta da rahama, tana da wani tsohon lemun tsami a bayan ɗakinta a Tudun Wada. Ranar da muka tare a gidanmu ta miƙo mini guda biyar a leda, ta ce in sha ruwan, ƙwallayen kuma in shuka su a ranar, kada in bari su bushe, domin ƙwallon lemu in ya bushe da wuya ya tsiro. Na zuba ƙasa a gwangwanayen tumatir na shuka. Abin da ya ba ni mamaki, ƙwallo ɗaya sai ga tsiro biyu. Da na faɗa mata sai ta ce haka yake yi, kuma ɗan yakan ɗauko uwarsa sak, ba sai an yi masa aure ba. Gaskiyarta. A shekara ta biyu akuyar maƙwabta ta shigo ta aske shi tas, na yi kuka kamar an yi mini sata, amma ya sake tohowa. A ta huɗu ya yi fure. Na fito alwalar asuba na ji tsakar gida ta ɗauki ƙamshi, na yi ta dube-dube kafin na gane daga ina yake. Kek na farko da na yi da lemunsa surukata na kai wa. Ta gutsura, ta yi shiru, ta ce wannan ai na bayan ɗakinta ne.

A wajen gasa kek, ƙamshin ɓawo ne ya raba ƙaramin da babban. Ki ɗauki ƙarami ɗaya kore, ki goga bayansa a ƙananan ramukan abin gogar kuɓewa, ki murza da suga da yatsunki kafin ki haɗa da bota. Kek ɗin zai kwana biyu yana ƙamshi. Sai dai ɓawonsa siriri ne, da kin matsa hannu kin taɓo farin da ke ƙarƙashin ɓawon, shi kuwa ɗaci ne da shi. Ki goga sama-sama. Ruwansa kuma ya fi kaifi, kuma wannan kaifin ne ke yin aikin a abin zaƙin nan na Amurkawa da kike son gwadawa: gwangwani ɗaya na madara mai kauri mai suga, na giram 397, gwaiduwar ƙwai 3 ko 4, ruwan lemu rabin kofi, a juye kan dakakken biskit da aka cuɗa da bota, a gasa kamar minti 15, a sa a firij ya huce. Tsamin ne ke kama madarar da ƙwan su yi kauri tun kafin su ga wuta. Kada ki sa madarar ruwa irin ta shayi, ba za ta kama ba. Kuma kalarsa ruwan ɗorawa ce mai haske. In kin ga hoton da ya fito kore shar, kala aka zuba. Rabin kofin nan yakan ci mini lemu 15 zuwa 20, gwargwadon ruwansu.

Ba zan ɓoye miki aibinsa ba. Yana da ƙaya, duk mai tsinka a gidanmu ya sha suka. Matsa guda ashirin da tace ƙwallaye aiki ne, kuma in kin ajiye shi a fili, cikin 'yan kwanaki ɓawon ya ƙeƙashe, balle da hunturu.

Shi kuma babban, wanda ake ce wa ɗan Tahiti ko ɗan Farisa, ba ƙwallo, ƙayarsa kaɗan ce, guda ɗaya ya ba ki ruwan ƙanana biyu ko uku, kuma yana jure ajiya. Iyakar abin da zan yabe shi da shi ke nan. Na saye shi da tsada, na yi ta ban ruwa, ya haihu, na yi kek ya fito salam ba ƙamshi. Na sa aka tone shi na ba wata 'yar uwata mai sayar da zoɓo, ita ruwa take nema, ya kuma yi mata. Tunda ba shi da ƙwallo, dole sai ɗan aure ko wanda aka cira daga reshe, wato amanarki tana hannun mai dashe.

Nan kuwa sai kin yi hattara, ko da ba ki tambaya ba. Cikin masu sayar da dashe a bakin titi akwai mutanen kirki da suka san aikinsu, akwai kuma wanda duk abin da kika ambata zai ce ga shi. Abin da suka fi yi shi ne su sayar miki da gindin da ake ɗora aure a kansa, wani lemu mai saurin girma, su ce na agirik ne. Ƙanwata ta yi shekara uku tana renon irinsa, ranar da ya haihu sai ga wasu manyan lemu masu kaushin baya da kaurin ɓawo, ba na kek ba ne ba na sha ba. Leda da aka naɗa a jikin dashe ba shaidar aure ba ce, kowa na iya naɗawa. Ki sa a kwance, ki duba kamar taƙi ɗaya sama da ƙasa, za ki ga tabon da ya warke da ɗan karkacewa inda aka haɗa. Ki tsinki ganye ɗaya ki murza ki shinshina. Na lemun tsami ƙanana ne, kuma ƙamshinsu shi ne na lemun da kika sani. Ki ɗan girgiza gindin a hankali, in yana rawa a cikin ledar to jiya aka tumɓuko shi aka cusa, kafin mako ya zagayo ya yi yaushi. In har sai ɗan aure kike so don ya yi saurin haihuwa, gara ki nemi na cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, mai hedikwata a Ibadan, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Kuma duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren ki cire shi, in ba haka ba gindin zai rinjaye saman.

Kafin naki ya haihu, kasuwa ta wadatar. Ni nakan saya a kasuwar tashar jirgi, inda ake sauke kayan marmari, ko Bakin Dogo in na je sayen kayan miya. Ki zaɓa da hannunki, kada ki yarda a juye miki kashi ko kwando a leda, masu kyau ne a sama, busassu a ƙasa. Ki ɗauki mai nauyi, mai santsi da sheƙi, wanda yake ɗan lotsawa in kin danna. Waɗanda suka fara yin ɗorawa mutane kan guje su, suna zaton sun lalace, alhali nuna suka yi, sun fi ruwa, kuma a kansu ake samun gyara. Kore don ɓawo, ɗorawa don ruwa. Lokacin da yake da araha ki saya da yawa, ki matse, ki zuba a abin yin ƙanƙara ki sa a firiza, domin da azumi ya kama kuɗinsa sai ya tashi. In wutar unguwarku ba ta zama, ki haƙura da wannan, ki riƙa sayen na mako a ƙulle a leda a ƙasan firij.

Dashen kuma ki bari damina ta zauna, wajen watan Yuni. Ki nema masa inda rana ke bugawa sosai, ki ba shi kamar mita 2 zuwa 3 daga katanga. Kada ki kai shi wurin da ruwan wanke-wanke ke kwanciya, wai don ya sha a banza. Lemu ba ya son gindinsa ya zauna a jiƙe, sai ki ga jikin yana tsattsafo da ƙaro, ɓawon itacen ya ruɓe, ya mutu a tsaye. Ki yi masa kewaye nesa kaɗan da gindin, a nan za ki riƙa zuba ruwa da takin da ya riga ya ruɓe. Da rani sau biyu a mako ya isa in an ƙosar da shi. Akwai wata koriyar tsutsa mai cinye sabon ganye, ki riƙa dubawa da safe kina cirewa da hannu, ba sai kin yi feshi a kan abin da za ki goga ɓawonsa ba. In gidan haya ne ko an shafe tsakar gidan da siminti, rabin durom da aka huda ƙasansa ya riƙe shi. Ki kuma kewaye shi da waya saboda awaki.

Ina da tsiro biyu a gwangwani, jikokin itacen surukata. In ruwa ya sauka ki aiko yaro ya ɗaukar miki ɗaya.