Mai Juye Tsofaffin Kaset a Bayan Bata: Aikin Hannu Ya Yi, Sai Dai Sunaye

A wani lungu bayan Bata a Kano akwai ɗan shagon da ake juye tsofaffin kaset zuwa memori. Babu allo a ƙofa, sai dai ka tambayi masu sayar da lasifika su nuna maka. Mai shagon dattijo ne, gyaran rediyo ya fara koya tun zamanin da kowane gida ke da rikoda. Na kai masa kwali guda na kaset ɗin kawuna, Allah Ya jiƙansa, mutumin da ba ya barin wata hira ta wuce a Rediyon Kaduna ko BBC bai danna jan maɓalli ba.

Aikin hannunsa ba shi da makusa. Kaset ɗin sun sha damina a ɗakin ajiya, wasu sun yi fumfuna, wasu zaren ya manne. Bai yarda ya jefa ko ɗaya a inji kai tsaye ba. Sai ya kwance kusoshin, ya duba ɗan soson nan da ke tokare zare a kan hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanto sautin, in ya faɗi ya manna wani, sannan ya zura biro ya juya a hankali har zaren ya saki jikinsa. Akwai guda da ya tsinke a tsakiya. Ina tsaye ya yanke bakin da reza a karkace, ya haɗa da siririn salatif ta bayan zaren, kuma da muka saurara kalma ɗaya kacal ta ɓace. Ya ce masu minti 60 da 90 ba sa ba shi wahala, masu 120 ne fitina saboda zarensu ya cika siranta, inji na taunewa. Naira 1,500 yake karɓa a kan kowane kaset. Da farko na ga da tsada, amma kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinsa cif yana juyawa, babu hanyar yanke, ga shi rabin aikin da janareta ake yi.

Abin da ya fito daga kwalin ya fi abin da na zata. Akwai shirin Barka da Yau, akwai gutsattsarin shirin Zaɓi Sonka da gaishe-gaishensa masu tsawo, sai kuma hirarrakin siyasa na Jamhuriya ta Biyu, tsakanin 1979 da 1983, inda Halilu Ahmed Getso na Rediyon Kaduna ke titsiye 'yan siyasa. Wanda bai ji shi a lokacin ba, zai yi mamakin yadda yake maimaita tambaya ɗaya cikin ladabi har sai baƙon ya daina kewaye-kewaye. Wani abu da na lura da shi kuma shi ne rashin gaggawar masu karanta labarai na wancan zamani. Suna ba kowace jimla haƙƙinta, don sun san mai sauraro na iya kasancewa a ƙauyen Damagaram ko a zangon Kumasi, yana lalubo tashar a mita 49, murya na zuwa tana tafiya.

Nan ne matsala ta farko ta ɓullo. Yaron shagon, wanda ke kula da kwamfuta, yana da son goge shuuu ɗin da ke bayan murya. A kaset na farko ya matsa wa abin har muryar mai karatu ta koma kamar daga cikin randa take fitowa. Na ce masa, "Samari, bar mini hayaniyata, da ita muka saba ji." Dattijon ya goya mini baya, aka sake juyewa ba ƙarin ko kwabo. Duk wanda zai je, ya faɗi haka tun kafin a fara.

Matsala ta biyu ta fi damuna. Shagon na sayar da nasa tarin, memori cike da abin da suka kira tsofaffin muryoyi, kuma sunayen da ke kai cakuɗe suke. An rubuta "BBC ranar farko" a kan wani fayil. To, Sashen Hausa na BBC ya fara ne ranar Laraba 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15, Aminu Abdullahi Malumfashi ne ya buɗe, Abubakar Tunau kuma ya karanta fassarar rahoto kan Afirka ta Yamma. Sau biyu a mako ake yi, sai a watan Yunin 1958 ya koma kullum. Shi kuwa kaset irin wannan sai 1963 kamfanin Philips ya fito da shi, balle ya iso kasuwar Sabon Gari. Ke nan babu wani mai sauraro da ya naɗi wannan rana a kaset ɗin gida. Da na kunna fayil ɗin ma, ana ambaton naira a cikin labarin, alhali sai 1973 aka daina fam da sule.

Na ce, "Baba, wannan ba muryar Malumfashi ta ranar farko ba ce."

Ya ce, "Yallaɓai, haka aka turo mana, mu ma ba mu san fuskarsa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga alamar yaudara a tare da shi ba. Amma haka kuskure ke yaɗuwa, daga memori zuwa waya, daga waya zuwa WhatsApp, gobe wani ɗalibi ya saka a kundin digirinsa. Su mutanen farko na aikin rediyo, daga na Landan har waɗanda suka ɗora Rediyon Kaduna bayan gwamnatin Sardauna ta kafa shi a 1962, ba su bar hotuna da yawa a hannun jama'a ba. Murya ce gadonsu, in aka liƙa mata sunan wani an raba mutum da abinsa. Don haka tarin shagon ban ba kowa shawarar saya a matsayin tarihi ba. A saya don nishaɗi, ba laifi.

Juye naka kaset ɗin kuwa, kai masa ba fargaba. Ka tafi da sabon memori naka, kuma ka kwafe duk abin da aka rubuta a bayan kowane kaset cikin takarda kafin ka miƙa, don yaron lamba kawai yake ba fayil, ɗaya, biyu, uku. Ranar Juma'a ba sa buɗewa sai bayan an sauko daga masallaci.